Ɗan Hakin da Ka Raina: Ciwon Motar da Ke Mutuwa da Zafi

Jama'a, a cikin cututtukan mota babu mai cin rai da cin aljihu kamar wanda ke zuwa ya tafi. Motar da ta lalace ta kwanta an san inda aka dosa da ita: a jawo ta zuwa warsha, a buɗe, a ga abin da ya karye. Amma akwai wadda za ta tashi da asuba lafiya lau, ta yi tafiyar rabin sa'a ko sa'a guda ba ko tari, sai kawai inji ya ɗauke kamar an murɗe makulli. A yi ta buga sitata, inji na juyawa amma ya ƙi kamawa. A koma gindin itace a zauna minti ashirin ko talatin, a sake gwadawa, sai ta tashi tamkar ba ita ba. Idan aka kai ta wurin usta kuwa, sai ta wuni tana aiki a gabansa, har ya fara zaton mai motar ne bai iya tuƙi ba. A 'yan shekarun nan wannan ciwo ya zama abin hira a majalisunmu na Ƙala'at an-Nahal, kuma sau da yawa mai laifin wani ɗan abu ne da bai wuce tsawon yatsa ba, wanda ake kira hassas na karank a warsha.

Mun ga ya dace mu tattauna shi a wannan fili domin mota a wurinmu ba kayan ado ba ce. Garinmu yana kudu maso yamma da Gadarif, a kan tsohon layin dogon da ya haɗa Gadarif da Sinnar a 1929, kuma kewaye yake da baƙar laka mai tsagewa da rani, mai kama ƙafa da damina. Kakanninmu sun shigo wannan ƙasa da ƙafa da jakuna a kan hanyarsu ta gabas, wasu tun bayan yaƙin Burmi na 1903, suka zauna a Mai Wurno da bakin kogin Rahad da garuruwan layin dogo. Da aka soma noman tarakta a Gadambaliya a tsakiyar shekarun 1940, gonaki suka faɗaɗa suka yi nisa da gari, har ya zama ruwan sha da abincin 'yan ƙwadago da buhunan dawa da riɗi duk a kan taya suke tafiya. Mace mai naƙuda da za a kai asibiti a Hawata ko Gadarif, ita ma a bayan boksi take tafiya. Saboda haka motar da ke mutuwa a tsakiyar fili da tsakar rana, inda babu inuwa babu mai wucewa, tana iya jawo asarar da ta fi kuɗin gyara nesa ba kusa ba.

Iyayenmu direbobi da ustoci sun ƙware a kan lorin Bedford, wanda ake yi wa laƙabi da Sifinja, da tsofaffin Land Rover da taraktocin Massey Ferguson. Waɗannan injina komai nasu a fili yake. Na gas famfonsa na ƙarfe ne, haƙoran inji ke juya shi, muddin akwai mai kuma iska ba ta shiga bututu ba zai tashi. Na fetur kuwa yana da kafireta da distiributa, in wuta ta ɗauke a buɗe murfi a kankare bakin kwantak a ci gaba da tafiya. To amma zamani riga ne. Tun daga lokacin da masana'antar Giad da aka buɗe a 2000 ta shiga harhaɗa motocin Hyundai, sannan boksin Hilux masu sabon injin gas suka soma shigowa daga wajejen 2005, sai motoci masu ƙwaƙwalwa suka yi ta ƙaruwa a hannun jama'a. Yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilu na 2023 ya ƙara turo irinsu zuwa jihar Gadarif tare da mutanen da suka baro Khartum da Wad Madani, a daidai lokacin da ya tarwatsa manyan kasuwannin kayan gyara na Khartum ɗin. Motocin suka yi yawa, kayan gyaransu suka yi tsada, masu sanin cikinsu kuma ba su da yawa.

Kafin mu shiga maganar ciwo, bari mu faɗi aikin wannan ɗan abu. Karank shi ne babban sandan ƙarfen da ke kwance a ƙasan inji, wanda fistin-fistin ke turawa yana juyawa. A motar zamani kwamfuta ce ke yanke lokacin da za a fesa mai da lokacin da fulogi zai ba da wuta, kuma ba ta da ido a cikin inji. Abin da take dogara da shi shi ne wani faranti mai haƙora da ke juyawa tare da karank, a wasu motoci a gaba kusa da fuli, a wasu a baya wajen haddaf, inda inji ya haɗu da giya. An dasa hassas a gefensa, tsakanin bakinsa da haƙoran bai fi kimanin milimita ɗaya ba. Duk haƙorin da ya gifta sai ya aika wa kwamfuta alama. Da gangan ake cire haƙori ɗaya ko biyu daga farantin, domin wannan giɓi shi ne ke gaya mata inda zagaye ya fara. Motoci da yawa suna da gurbi 60 da haƙora 58, na Toyota da dama kuma gurbi 36 da haƙora 34. Alal misali, injin da ke juyi 3,000 a minti da faranti mai haƙora 58 yana aika alama 2,900 a kowace daƙiƙa. Da zarar wannan ƙidaya ta katse, kwamfuta sai ta ɗauka inji ya tsaya, ta yanke mai ta yanke wuta. Shi ya sa motar ke ɗaukewa farat ɗaya, ba ta yin shure-shuren da mai ƙarancin fetur ke yi.

Hassas ɗin iri biyu ne, kuma wajibi ne a bambance su. Na farko maganaɗisu ne da aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe mai kaurin gashin kai, naɗi dubbai. Shi ke haifar da wutarsa da kansa idan haƙora na giftawa, bisa hikimar da Michael Faraday na Ingila ya gano a 1831. Galibi wayoyinsa biyu ne, wani lokaci da ta uku wadda garkuwa ce kawai. Na biyu ana kiransa mai Hall, da sunan Edwin Hall na Amurka wanda ya gano asalinsa a 1879. Shi wannan a cikinsa akwai ɗan guntun lantarki, sai an ba shi wuta volt 5 ko 12 yake aiki, kuma wayoyinsa uku: ta wuta, ta ardi, da ta saƙo.

Me ya sa ciwon ke zuwa ya tafi? Amsar tana cikin zafi da girgiza. Ƙarfe yana buɗewa idan ya yi zafi, ya tsuke idan ya huce. Wannan siririyar waya ta shekara da shekaru tana buɗewa tana tsukewa a jikin inji, har wata rana ta tsage a wuri guda. Da sanyin safiya bakunan tsagin suna haɗe, wuta na wucewa. Inji na ɗaukar zafi sai su rabu, saƙo ya yanke. A jira ya huce su sake haɗuwa. Haka ma ɗan guntun lantarkin da ke cikin mai Hall yake rikicewa idan zafi ya kai masa wuya. A ƙasarmu kuwa, inda zafin Afrilu da Mayu ke haura digiri 40 a inuwa, ga hanyoyin laka da suka bushe da sawun tarakta suna jijjiga mota kamar rariya, abin da zai daɗe a wata ƙasa nan da nan yake tsufa.

Sai dai ba kullum ne hassas ɗin kansa ke da laifi ba, kuma a nan ne kuɗin mutane ke zurarewa. Wayar da ta taso daga gare shi zuwa kwamfuta tana ratsa wurare masu haɗari. Takan goga a jikin ƙarfe har rigarta ta cinye, takan kusanci salansa ta ƙone, ɓeraye kuma, waɗanda ba ma rasa su a inda ake ajiye dawa, sukan shige bonet da dare su ɗanɗana ta. Soket ɗin da ke haɗa su, wato fisha, yakan sha baƙin mai idan inji na yoyo, ko ya sha ruwan laka da damina har ƙusoshinsa su yi kore. Bakin maganaɗisu yakan tara garin ƙarfe ya dushe saƙo. Haƙorin faranti yakan lanƙwashe ko ya karye idan an yi aikin kuloci da gaggawa. Batir mai rauni ko wayar ardi mai tsatsa su ma suna iya rage saƙon a lokacin tayarwa har kwamfuta ta kasa karanta shi. Duk waɗannan alamarsu ɗaya ce a idon direba, maganinsu kuwa daban-daban.

Wata kaka, ana tsakiyar yankan riɗi, boksin gidanmu ya kamu da wannan ciwo. Wanda ya san riɗi ya san ba ya jiran kowa, in ya nuna aka yi jinkirin 'yan kwanaki sai kwansonsa ya fashe ya zube wa tururuwa. Motar ce ke kai wa masu yanka ruwa da gari, kuma kwana uku a jere tana mutuwa a wuri kusan ɗaya, da hantsi ya ɗaga. Masu shawara ba su yi ƙaranci ba. Wani ya ce famfon mai ne, wani ya ce fetur ɗin jarka ne mai datti, wani ya rantse kwayil ne domin tasa ma haka ta yi. Da an bi su duka da kuɗin buhunan riɗi da yawa sun tafi. Muka kai ta wurin wani dattijon usta wanda ya yi ƙuruciyarsa a ƙarƙashin Sifinja, yana da yaro ɗan makaranta mai riƙe masa na'urar karanta kwamfuta. Na'urar ba ta nuna komai ba. Dattijon bai ko ɗauki sufana ba, sai ya sa aka kawo shayi ya zaunar da direbanmu.

Ya ce, "Ɗana, in za ta mutu, tana shure-shure ko ɗif take yi?"

Direba ya ce, "Ɗif, Baba, kamar an hure fitila."

Ya ce, "In ka buga sitata a lokacin, allurar juyin inji tana ɗan motsi ko tana kwance?"

Ya ce, "Wallahi Baba ban lura ba."

Dattijo ya ce, "To gobe da ni za a tafi. Ciwon da ba ya zuwa warsha, warsha ce ke zuwa wurinsa."

Washegari ya shiga gaba da mitarsa da tsumma da gorar ruwa. Da motar ta ɗauke bai bari a ɓata ko minti ɗaya ba. Ya sa aka buɗe makulli, ya kasa kunne ya ji famfon mai ya yi ɗan gurnaninsa na daƙiƙa biyu, ya ce wannan lafiyarsa lau. Ya sa aka buga sitata, allura ba ta ɗaga ba, na'urar yaron ma ta nuna juyin inji sifiri alhali kowa na jin inji yana juyawa. Ya zare fisha ya ɗora mita a kan ƙusoshin hassas, mita ta nuna hanya a yanke take. Sannan ya jiƙa tsumma ya naɗe hassas ɗin shi kaɗai, bayan 'yan mintoci ya sake aunawa, lamba ta dawo, aka murɗa makulli mota ta tashi. Da muka koma gari ya kwance shi ya tsoma bakinsa a tafasasshen ruwan mai shayin da ke ƙofar warsha, wayoyin mita na maƙale. Muna kallo lamba na hawa sannu a hankali, sai kwatsam ta ɓace. Abu ɗaya aka saya, kuma riɗin ya shigo gida.

Abin da muka ɗauka daga wannan tafiya shi ne, irin wannan ciwo ana kama shi ne a lokacin da ya zo, kuma rabin aikin yana hannun direba, domin shi ne shaidar gani da ido. Saboda haka, ɗan'uwa direba, idan motarka ta ɗauke, kafin ka buɗe bonet ka tsaya ka lura. Minti nawa ta yi tana tafiya? Allurar zafi tana ina? A kan gargada ta mutu ko a shimfiɗaɗɗiyar hanya? Bayan ruwan sama ne ko bayan wanki? Fitilun dashbod sun kama bayan ta mutu, ko komai ya yi duhu? Idan komai ya yi duhu, nemi kan batir da makulli da fiyus, ba ruwan hassas. Wadda ke mutuwa da zafi ta tashi da sanyi tana nuna hassas ɗin kansa. Wadda ke mutuwa idan an faɗa rami tana nuna waya ko fisha. Wadda ke yi da damina kaɗai tana nuna ruwa ya sami hanyar shiga. Daɗin daɗawa, ka san halin allurar juyin injinka tun mota na lafiya, domin a wasu motoci tana ɗan rawa a lokacin buga sitata, a wasu kuma ba ta motsi ko da komai daidai yake. Wanda bai san yadda take yi da lafiya ba, ba zai gane ta da ciwo ba. Kuma kada ka bari a cire kan batir kafin a karanta kwamfuta, domin a motoci da yawa hakan yana goge abin da ta rubuta.

Ku kuma ustoci da masu aikin waya, na'urar karanta kwamfuta abokiyar aiki ce, amma ba ta yanke hukunci. Tsarin da ake kira OBD na biyu ya zama dole a kan motocin Amurka tun 1996, Turai ta bi sahu a 2001 ga masu fetur, kuma a cikinsa lambar P0335 tana nufin matsala a da'irar hassas na karank, P0336 saƙon bai yi daidai ba, P0339 saƙon na zuwa yana yankewa, P0340 kuma ta ɗan'uwansa ce na kam da ke saman inji. A lura, lambar da'ira take nunawa gaba ɗaya, wato hassas da waya da fisha har zuwa ƙofar kwamfuta. Sau da yawa ma ba ta rubuta komai, domin idan saƙo ya yanke ɗif, a ganinta direba ne ya tsayar da inji. Abin da ya fi lamba amfani shi ne a buɗe shafin da ke nuna juyin inji kai tsaye a buga sitata. Inji mai lafiya yakan nuna wajen 150 zuwa 250. In ya nuna sifiri, an kama hanya. Wanda ba shi da na'ura ya duba abu biyu tare: wuta a fulogi da bugun nozul. Kwayil da ya mutu yana hana wuta amma nozul na bugawa. Famfo da ya mutu yana hana mai amma wuta na nan. Idan duka biyun suka ɗauke lokaci guda, to kwamfuta ce ba ta jin juyin inji, ko kuma ita kanta wuta ba ta isa gare ta saboda rile ko fiyus.

Wajen awo, mai maganaɗisu ana auna shi da mita a ma'aunin om. Lambar ta bambanta daga mota zuwa mota, daga 'yan ɗaruruwa zuwa dubu biyu da ɗoriya, don haka a nemi ta wannan motar ko a gwada da na wata irinta mai lafiya. Hawan lamba da zafi ba ciwo ba ne, halin jan ƙarfe ne, daga sanyin safiya zuwa zafin inji takan ƙaru da kamar kashi ɗaya cikin huɗu. Ciwo shi ne ta yi tsalle ko ta ɓace. Ana kuma iya juya mita zuwa ma'aunin wutar AC a buga sitata, a ga ko yana haifar da wajen rabin volt zuwa sama. Mai Hall kuwa ba a auna shi da om, awon ba ya nuna komai kuma yana iya lahanta shi. Ana barinsa a haɗe ne a buɗe makulli, a tabbatar wuta ta iso kuma ardi na da kyau, sannan a juya inji a hankali a ga wayar saƙo tana hawa tana sauka. Warshar da ke da osiloskof, wato na'urar da ke zana saƙon a allo, ta fi kowa sauƙi, domin ko haƙori ɗaya ne ya lanƙwashe za a gan shi a zanen.

Kada kuma a manta da gwajin da ba ya cin ko sisi. A bar inji yana aiki a tsaye, a bi wayar daga hassas zuwa sama ana motsa ta taƙi bayan taƙi, ana kiyaye hannu da hannun riga daga fanka da bel. Inda inji ya yi tuntuɓe, nan ɓarakar take. Mun san wata ƙaramar motar haya a unguwarmu da aka canja wa hassas har sau biyu ciwo bai tafi ba, ashe waya ce ɓera ya ci a bayan inji, silin biyu ko uku kawai suka rage suna riƙe da ita. Ɗan dalma da tef suka gama aikin da kuɗin hassas biyu suka kasa. Game da sanyaya shi da ruwa kuwa, jiƙaƙƙen tsumma ake ɗorawa a kansa shi kaɗai. Kwara ruwan sanyi a jikin inji mai zafi ko a wuyan salansa yana iya tsaga ƙarfe, a je neman ƙiba a samo rama.

Idan an tabbatar shi ne, saura saye, kuma a nan ma akwai tarko. Kayan da ke shigowa ta Bort Sudan da kan iyakar Gallabat akwai nagari akwai jabu, kwalinsu kuwa kusan iri ɗaya. Na jabu yakan yi aiki mako biyu ko wata guda ya dawo da ciwon, mai mota ya ce ashe ba shi ba ne, ya koma canja abubuwan da ba su da laifi. Araha ba ta ado. A tafi da tsohon a hannu tare da lambar shasi, a gwada tsawo da siffar fisha da yawan ƙusoshi, domin bambancin milimita ɗaya ko biyu a tsawo ya isa ya hana shi jin haƙora ko ya sa su cinye bakinsa. In mai maganaɗisu ne a auna shi a gaban mai shago. Sau da yawa na asali da aka ciro daga motar da ta yi haɗari ya fi sabon da ba a san asalinsa ba. Wajen ɗaurawa a goge mazauninsa sarai, a shafa ɗan mai a robar da ke wuyansa, kada a matse ƙusa fiye da kima domin kunnensa na roba ne, a mayar da waya cikin maƙalanta nesa da salansa, in kuma akwai yoyon mai a kusa a toshe shi. Wasu motoci suna bukatar a sa na'ura kwamfuta ta sake koyon farantin. Bayan haka a fita da motar a kan hanyar da ta saba mutuwa, a irin lokacin da ta saba, a wuce iyakar da take kaiwa. Sai an yi wannan ne usta zai ce ya gama.

Akwai wata magana ta tsaron rai da ba za mu tsallake ba. Idan inji ya ɗauke ana cikin gudu, sitiyari yakan yi nauyi, birki kuma taku ɗaya ko biyu ne suka rage masa da taushi, daga nan sai ya sandare. Kada a yi ta dannawa ana saki, a taka sau ɗaya da ƙarfi a riƙe, a gangara gefe. Kada a zare makulli mota na tafiya, domin sitiyari na iya kullewa. Motar da ta fara wannan hali kada a ɗora mata mara lafiya ko a shiga da ita gona mai nisa da fatan za ta tashi kamar jiya, domin tsagin wayar ƙaruwa yake yi, ranar da ba za ta tashi ba tana tafe. Masu zuwa gonakin nesa su riƙa tafiya da ruwan sha fiye da bukata, wanda kuma ya sami hali ya ajiye hassas ɗaya na asali a aljihun mota da sufana mai lamba 10, wadda galibi ita ce ke kwance shi.

Daga ƙarshe muna kira ga iyaye da matasanmu. Sana'ar gyaran mota ta daɗe a hannun 'yan'uwanmu a Gadarif da Hawata da sauran garuruwa, kuma ba za ta zauna a hannunsu ba idan aka bar aikin waya da kwamfuta ga wasu. Yaron da ya yi karatu har ya san volt da om, a sayo masa mita a kai shi gaban dattijon usta ya koyi haƙuri da tambaya da sauraren inji. Dattijon ma ya ba yaron wuri ya nuna masa abin da allo ke faɗi. Mita ɗaya da ƙaramar na'urar da ake haɗawa da wayar hannu ba su kai kuɗin famfon mai guda da ake canjawa a banza ba. Masu motoci kuma mu riƙa biyan usta ladan bincike ko da bai canja komai ba, domin wanda aka saba biya sai ya ɗaura sabon abu, sabon abu zai yi ta ɗaurawa. Kafin bazara ta kama, kowa ya sa a duba masa wayoyin ƙasan inji da fisha da kan batir. Allah Ya kiyaye hanya, Ya ba da damina mai albarka.